Kafson da Na Ɓoye Har Sakkwato

Tun ranar da munka dawo daga Sakkwato ban huta da baƙi ba. Mata su shigo su yi wa maigidana Malam ya jiki, su zauna bakin murhu su ce, "To Habsu, ba mu labari, yaya Najeriya take?" Ni kuwa kun san ni da baki. In ba su labarin hanya, in ba su na abinci, a yi dariya a watse. Amma akwai wurin da nake tsallakewa kullum. Yau na ce bari in zauna in rubuta shi duka da ɗan karatun yaƙi da jahilcin da na yi, wadda ta iya ta karanta wa wadda ba ta iya ba. A takarda ba sai na dubi idon kowa ba.

Duk wadda ta taɓa shiga ɗakina ta san ƙaramar kwallar nan da ke ƙarƙashin gado. Magani ne ciki: wanda ya rage wa yara, wanda na saya ga mai tebur ran kasuwar Dogarawa, wanda wata ta ba ni. Mai zawo in ba ta kafso ja-da-ɗorawa biyu. Yaro na tari in fasa ɗaya cikin kunu. Kaji sun fara gyangyaɗi in zuba masu a ruwan sha. Har kunka sa mini suna Majo, kamar babban ma'aikacin likitarmu, wato gidan shan magani, ni kuma ina jin daɗin sunan, ba ni ɓoyewa.

Lokacin dashen albasa ne hauya ta sari Malam a babban yatsan ƙafar dama. Ɗan sara ne, bai kai a faɗa ba. Na wanke, na fasa kafso na barbaɗa garin a kai, na ɗaure da tsumma. Washegari ya koma lambu cikin laka. In yatsan ya yi zogi in ba shi biyu, in ya lafa in bari. Ja-da-ɗorawa ya daina yi, na koma baƙi-da-ja, daga nan na koma wani fari mai tsaga a tsakiya. Da ƙafa ta kumbura munka tafi likita. Majo ya wanke mikin, ya ba da maganin kwana goma, ya ce sau uku a yini har ya ƙare. Kwana huɗu kumburi ya saɓe, Malam ya taka har masallaci. Sai na ce a raina, mi za a yi da ɓarnar magani mai kyau a ƙafar da ta warke? Na jefa sauran cikin kwalla.

Bayan mako biyu ciwon ya dawo da wari da zazzaɓi. Majo ya tambaye ni, "Ya shanye duka?" Na ce ya shanye. Malam kuwa bai sani ba. Shekara talatin ke nan abin da na sa mashi a tafin hannu shi yake haɗiyewa, bai taɓa tambaya ba. Majo ya ce to in haka ne ciwon ya fi ƙarfin abin da ke hannunshi, sai inda ake gwada ruwan miki a ga irin ƙwayar cutar. Yayar Malam, Tsahara, da ke zaune Sakkwato tun aurenta, ta ji a waya ta ce a kawo shi gobe-gobe.

Ni da ban taɓa wuce Dogarawa ba. Na haɗa tabarma da buta da garin fura da albasar tsaraba. Sannan na juye kwallar nan duka cikin wani ƙyalle, na ƙulle, na ɗaura a ƙugu ƙarƙashin zane. Ko da hali, na ce.

Amalanken jaki ya kai mu bakin gudurun, hanyar kwalta. Direban da ya ɗauke mu mutumin kirki ne, ya ba Malam gaba shi kaɗai don ya miƙe ƙafa, ni kuma anka cusa ni baya tsakanin buhun wake da wata tsohuwa mai zabi biyu a cinya. Munka wuce Malbaza, na ga dogayen gine-ginen simintin nan da nake jin labari, tsohuwa ta ce in rufe baki kada ƙuda ya shiga. A Tsarnawa mota ta tsaya. Wani mai tallar magani da faranti a kai ya leƙo, ya ga ƙafar ya ce, "Baba, ga na ciwonka nan, kwana uku ka tashi."

Malam ya ce, "Bari ɗana, da majona nake tafe, ga ta can baya."

Mota duka ta yi dariya. Ni ma na yi.

A Konni munka sake mota zuwa Illela, tasu ta Najeriya, ba tamu ta arewa ba. Bakin iyaka, wajenmu, jandarma ya karɓi kar dantiten Malam, katin shaidarshi, ya dubi hoton ya dubi mai shi, ya ce, "Baba, wanga ƙanenka ne ko?" Hoton tun gemu na baƙi ne. Wajensu kuwa wani mai kaki ya taɓa jakata da sanda ya ce, "Mama, akwai magani a ciki?" Na ce babu, albasa ce. Gaskiya na faɗa, a jaka babu. Amma ƙullin nan sai na ji shi kamar garwashi a ƙuguna. Mutumin ya matsa wajen Malam, iska ta kai mashi warin ƙafar, ya ja da baya ya ce mu wuce, Allah ya ba da lafiya.

Na ɗauka da mun tsallaka zan ga wata duniya. Ashe karan gero iri ɗaya ne, jakai iri ɗaya, maganar mutane ma tamu ce. Abin da ya bambanta rubutun alluna, da yawan masu tare hanya da katako mai ƙusa. Tun ina lura da su har na gaji. Munka wuce Gwadabawa, munka wuce Kware, Malam na jingine ido rufe, gumi na zubo mashi.

A tashar Sakkwato munka shiga keke mai ƙafa uku. Yadda yake kutsawa tsakanin manyan motoci, ban san lokacin da na damƙe rigar mai tuƙin ba, har ya ce, "Hajiya, ki sake ni, in kin shaƙe ni dukanmu za a kai asibitin."

Yaya Tsahara daddawa take sayarwa, mijinta ya rasu, kuma ba ta iya zagaye-zagayen magana ba. Ko ruwa ba mu gama sha ba ta kwance tsumman ƙafar. Ta daɗe tana dubawa, sannan ta ɗago.

"Wata nawa?"

"Kusan biyu, Yaya."

"Ke kina ina?"

Na ce muna ta magani. Ta yi tsaki ta tashi ta kawo abinci.

Kun sha tambayata abincinsu. Shinkafa ce safe da rana, kamar ba su san hatsi ba. Burodinsu laushi kamar katifa, ga zaƙi, ba irin namu dogo mai kama da sanda ba. Sai ka ci rabi ka ji ba ka ci komi ba. Furarsu inji ke damawa, a sa sukari da ƙanƙara, ba ka jin gari ko ɗaya a harshe. Na sha don yunwa, amma a raina na ce wagga kunun yara ce. Kuma in ka ce za ka likita sai su dube ka, don su likita mutum ne, gidan kuwa asibiti.

Da safe munka tafi. Asibitin ya fi ƙauyenmu girma. A wurin yankar kati wata yarinya ta tambaye ni sunan mara lafiya. Na ce Malam. Ta ce, "Malam wa?" Na sunkuyar da kai. Ina zan kama sunan mijina gaban layin mutane? Tana ta buga biro a tebur har Yaya ta iso ta faɗi sunanshi da na ubansu da ƙarfi, kamar mai shela. Yarinyar ta ce, "Kai, mutanen Faransa." Haka suke ce mana.

Likitan saurayi ne, ba zai girmi ɗana na biyu ba. Ya duba ƙafar, ya karɓi takardar majo, ya tambaye ni, "Mama, ban da wannan me ya sha?"

Na ce babu komi.

"Wannan ɗin ya shanye?"

Na ce ya shanye.

Ya dangwali mugunyar da auduga ya sa a kwalba. Ya ce sai an shuka ƙwayar cutar ta tsiro, kwana uku ko huɗu, kafin a san maganin da ke kashe ta. Na ɗauka ba'a yake yi mana don ya ga manoma. Ya ce kafin nan zai fara ba shi wanda yake zato. Sannan ya ɗauki biro ya zana layi a ƙwaurin Malam, daidai inda kumburin ya tsaya. Ya ɗora yatsa ƙasa da gwiwa kaɗan ya ce, "Idan ya kai nan, za mu yi maganar da ba na so mu yi." Yaya ta fahimta kafin ni. Yanke ƙafa yake nufi.

Anka ba Malam gado. Mu masu jinya baranda ce masaukinmu, kowa da tabarmarta da ƙullin kayanta a matashi. Akwai matan Wurno, akwai na Tambuwal, akwai wata Bazamfara da ta yi wata biyu nan har ta san sunan kowace nas da halinta. Abinci tare ake ci. Sun ɗanɗana furata ta hannu sun ce rabonsu da irinta tun suna yara, na ɗan samu abin taƙama. In likitoci za su zagaya a kore mu waje kamar awaki, in sun wuce mu koma.

Washegari kumburi ya tsallake layin da faɗin yatsa biyu. Likita ya zana sabo. Kwana na biyu ya tsallake sabon. Malam ya fara sambatu, yana cewa a ba albasa ruwa. Ina zaune gefen gadon ina yi mashi fifita, ƙulli na ƙuguna, ina ce wa kaina gobe zan faɗa. In likita ya zo kuma sai in ga Yaya tsaye, bakina ya mutu.

Rana ta uku da hantsi wata mata ta zo barandarmu, farar riga bisa hijabi, da akwati a hannu. Ta tuɓe takalmi ta zauna tabarmarmu, abin da ban ga wani ma'aikaci ya yi ba. Ta ce sunanta Balki, a ɗakin gwaji take aiki. Hausarta irin ta Zariya ce, muka da suka. Ta ce bincike suke yi a kan abin da ya sa magungunan kashe ƙwayar cuta suke daina aiki, tana son sanin irin waɗanda mutane ke sha a gida. Ba dole, kuma ba ta rubuta sunan kowa. Ta buɗe akwatin ta baje magunguna iri-iri a kan tabarma ta ce kowa ta nuna wanda ta sani.

Matar Wurno ta nuna biyu. Bazamfara ta nuna uku, ta kuma ce ja-da-ɗorawa na ciwon kai ne. Nan fa na kasa haƙuri.

Na ce, "A'a, ba na ciwon kai ba ne, na zawo ne, kuma ana barbaɗa shi a miki. Wanga na tari ne, amma yana sa yaro gudawa. Wanga ɗaci gare shi, sai da fura. Wanga kaji sun fi jin shi. Wanga fari mai tsaga shi ake komawa in sauran sun ƙi."

Haka na bi su ɗaya bayan ɗaya, ban bar ko guda ba. Mata na ta mamaki, ni kuma ina ƙara gyara zama. Balki ta daina rubutu tana kallona.

"Mama, ke ce mai jinyar dattijon nan na Nijar?"

Na ce ni ce.

"A cikin waɗannan, akwai wanda ya sha?"

Kafin in buɗe baki Yaya ta amsa. "Ba ta ba shi komi ba, ɗiyata. An tambaye ta gaban idona. Habsu surutu gare ta, amma ba ta ƙarya."

Da zagina ta yi da na iya daurewa. Na sa hannu ƙarƙashin zane na kwance ƙullin, na ajiye tsakiyar tabarma. Bazamfara ta buɗe ƙyallen. Ga su nan duka, har da katin maganin majo, fiye da rabi ba a ɓalle ba.

Balki ta jawo su tana warewa, tana tambayata a hankali: wannan yaushe, sau nawa, kwana nawa. Na faɗa mata duka, tun daga ranar sara. Da ta gama ta ce, "Na yi alkawari ba na kai sunan kowa. Amma likitansa na bukatar jin wannan yanzu. Kin yarda in kai masa?" Na ce ta kai, ta tafi da ƙullin ma.

Sai da ta yi nisa Yaya ta juyo. Ba ta ɗaga murya ba. Ta ce, "Ashe ƙanena kinka mayar kaza." Ta naɗe tabarmarta ta koma ɗaya gefen barandar.

A ranar likita ya sauya magani, ya koma wata allura da ake sawa cikin ƙarin ruwa. Na tare shi bakin ƙofa na ce, "Ɗana, da na faɗa ranar farko fa?" Ya ce, "Da ban fara da wancan ba, Mama, ɗan'uwan waɗanda kika ba shi ne. Sauran Allah ya sani."

Washegari Balki ta zo ta kira ni ɗakin gwajinsu. Ba ta shigar da ni ba, ta tagar gilashi ta nuna mini wani ɗan faranti rufaffe, kamar marfin gwangwani. Cikinshi wani abu ya bazu kamar funfunar tsohon tuwo. Ta ce ƙwayar da ke ƙafar Malam ke nan, ta tsiro. A kai an jera 'yan fararen takardu shida masu kamar ƙwayar wake, kowace da maganinta. Ta ce in duba: inda magani ke aiki, ƙwayar ba ta iya matsowa, sai ka ga fili kewaye da takardar. Na duba. Biyar ƙwayar ta hau su har wuya. Guda ɗaya tak ke da fili, ita ce allurar da anka fara jiya.

Na ce, "Ni na yi wanga?"

Ta ce maganin da aka sha rabi yana kashe masu rauni ne ya bar masu taurin kai, su kuma su hayayyafa, har a wayi gari duk zuriyar ba ta jin sa. Ta ce mai yiwuwa ma ƙwayar ta zo da wani taurin daga ruwa ko dabbobi ko jikin wani, ba ni kaɗai ba ce, kullum suna ganin irin farantin nan. So take ta sanyaya mini rai. Ni kuwa ina tsaye ina tuna ɗiyanku. Na Rabi da na fasa wa kafso a kunu, na Mariyama, jikan Inna Kulu. Biyu-biyu na bi gidajenku da su shekara da shekaru, kuna yi mini godiya. Wanga shi ne wurin da nake tsallakewa in ina ba ku labari.

Kwana biyu da fara allurar kumburi ya tsaya, a na uku ya fara ja da baya ya bar layukan biro a sama. Ƙafa ta tsira. Yatsan kuwa ya riga ya yi baƙi har ƙashi, anka cire shi.

Da zazzaɓi ya sauka ni da kaina na faɗa wa Malam, ban bari ya ji a bakin Yaya ba. Ya saurara har na gama yana duban rufin ɗaki. Sai ya ce in ba shi ruwa. Na ba shi, ya sha, ya juya ya kwanta.

Mako uku munka yi. Ranar sallama nas ta ce sai an riƙa wanke wurin kullum, ga kuma maganin sha da ba a tsallake ko sau ɗaya. Yaya ta ce ai magana ta ƙare, Malam gidanta zai zauna har ya warke. Ta ce da ni, "Ke ki koma ga kajinki."

Na fara naɗe tabarma.

Malam ya ce, "Yaya, gida za ni."

"Wa zai wanke maka ƙafa can?"

"Habsu. A sa nas ta nuna mata."

"Ita fa ta kawo ka nan."

"Na sani. Ita kuma za ta mai da ni."

Yaya ta daɗe tana dubanshi. Sannan ta je da kanta ta kira nas, ta tsaya a kaina hannu a ƙugu har na wanke na naɗe sau uku. Na farko ta ce ya yi sako-sako, na biyu ta ce na matse. Na uku ta bar shi haka. A tasha ta miƙo mini ƙullin daddawa ba tare da ta dube ni ba, ta ce in ya ƙare in aiko.

Hanyar dawowa ba ni da labarinta, don ban duba waje ba. Ƙafar na bisa cinyata tun daga Sakkwato har Konni.

Yanzu Malam na takawa da sanda, yana ɗan karkata, likita ya ce zai saba. Maganin ya shanye shi har ƙwaya ta ƙarshe, gaban idon babbar ɗiyarmu, don na ce kada a yarda da faɗata ni kaɗai. Kullum bayan sallar safe ina dafa ruwa in bar shi ya huce, in sa mashi kujera bakin ƙofa, in ɗora ƙafar a cinyata. Shi yana ba ni labarin lambu, ni ina wankewa. Yatsu huɗu ne. Har yau ban taɓa wankewa ban ƙirga ba.